Bututun gas zai ratsa gonarmu, mene ne haƙƙinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kafa turaku a gonarmu ta gado, an ce bututun gas na AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta zuwa Kano, zai bi ta ciki. Za mu iya hanawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, hanawa da wuya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar fili domin shimfiɗa bututu. Haƙƙinku shi ne diyya.

Ranar ƙidayar abin da za a biya diyyarsa ce ake cutar mutane, don haka kada ku aika yaro. Ku tsaya a ƙirga komai a gabanku: shuka, rijiya, shinge, ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, kowace bishiya da girmanta. Abin da bai shiga takarda ba, ba za a biya shi ba. Ku ɗauki hotuna, ku karɓi kwafi, kada ku sa hannu sai an karanta muku.

Tunda gado ce, magada su naɗa wakili ɗaya a rubuce, mai unguwa ya shaida. In kuɗin bai yi muku ba, ku nemi ƙwararren mai kimanta kadara, sannan kotu. Bayan an binne bututun, ba gini, ba dashen itace a kan layin.