Tambaya da Amsa: Me Ke Haɗe Ɗige-ɗigena a Hanya?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyya, daga Asawase, Kumasi. Muna da alluna biyu na robar PDMS masu siraran magudanai. Na farko yana yanka ruwa ya zama ƙananan ɗige-ɗige cikin mai, na biyu kuma a nan muke duba su. Siririn tiyo ne ya haɗa allunan biyu. Ɗige-ɗigen suna fita lafiya, amma kafin su isa na biyu sun haɗe sun zama manya. Ina matsalar take?

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kafin ki zargi allunan, duba mahaɗa. Duk mai gyaran famfo a Zongo ya san bututu ba ya cika yoyo a tsakiya, sai a inda aka haɗa biyu.

Magudanar allonki ba za ta wuce faɗin maikiromita 50 zuwa 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita ko ƙasa da haka. Tiyon da kika soka mata kuwa ya ninka ta sau da yawa. Da ɗigo ya faɗa wannan fili sai gudunsa ya ragu, na baya ya cim masa, su matsu. Abin mamaki, sau da yawa ba a lokacin matsuwar suke haɗewa ba, sai lokacin da suka fara rabuwa. Don haka ki gajarta tiyon iya gajartawa, ki nemi mafi ƙanƙantar rami, ki yanka bakinsa sumul da sabuwar reza, ki tura shi har ƙasan hujin don kada a bar lungun da ruwa zai kwanta.

Sai safaktan, sinadarin nan ɗan uwan sabulu da ake zubawa a mai. Shi ke lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi manne wa ɗan uwansa, kuma yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gama lulluɓewar. In ya yi kaɗan, ko ɗigon ya yi karo da wuri, aiki ya ɓaci.

Akwai abin da na fi so ki kula da shi, tunda a Ghana muke. Idan hunturu ya kama, iska ta bushe, safar hannu na gogar tiyo sai lantarki ya taru a jikinsa, wannan kaɗai ya isa ya haɗe ɗige-ɗige. Ki manna tiyon da tef a teburi, ki daina taɓa shi. Ƙura ma haka: ki tace man da matata ta maikiromita 0.2. Na sha ganin zare ɗaya na auduga a madubin ƙara girma, ya gitta bakin magudana, kowane ɗigo ya zo sai ya tsage a kansa.

In tiyon kai tsaye ya ƙi, ki tara ɗige-ɗigen a sirinji. In manki mai sinadarin fulorin ne, ya fi ruwa nauyi, don haka ɗige-ɗigen za su taso sama. Ki ɗaga bakin sirinjin sama, ki tura a hankali, sannan a ƙofar allo na biyu ki shigar da ƙarin mai ta gefe ya ba su tazara.

Kada ki raina wannan wahala. Na'urar kamfanin Bio-Rad ta gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayoyin gado (DNA), tana raba samfuri ɗaya zuwa ɗigo kusan 20,000, kowanne gwaji ne mai zaman kansa, kuma in suka haɗe lissafi ya rushe. Gobe ki cika tiyon da mai tukuna har kumfar iska ta ƙarshe ta fita, sannan ki haɗa. Ki rubuto mini yadda ta kasance.