Tambaya da Amsa: Ƙirƙiro Masarauta a Labarin Almara

Tambayoyin wannan fitowa sun zo ne daga marubuta masu tasowa a arewacin Kamaru da Chadi, masu rubuta labaran almara a kan ƙasashen da su da kansu suka ƙago.

Tambaya, daga wani mai karatu a Garwa: Assalamu alaikum. Na ƙago wata masarauta mai sarki da mayaƙa da bokaye da aljanu. Waɗanda suka karanta sun ce ba ta zauna da gindinta ba. Ta ina zan fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye sarki tukuna, ka fara da ruwa. Ɗauki takarda ka zana kogi ko tafki ko rijiyoyi, sannan ka ɗora gari a kai. Sarakunan Wadai, a gabashin Chadi, sun bar birninsu na Wara a ƙarni na 19 suka koma Abeshe saboda rijiyoyi sun ƙafe. In ruwa ya isa ya tashi fadar gaske, ya isa ya tashi taka.

Bayan ruwa sai abinci, kuma ba sai ka je nesa neman misali ba, yankinmu yana da ƙasa iri uku. Akwai fadamar kogunan Logon da Shari da ambaliya ke shafewa duk damina. Kotoko sun gina garuruwansu masu ganuwa, irin su Logon Birni da Gulfe, a kan tuddai, arzikinsu kifi ne, abin hawansu jirgin ruwa. Akwai duwatsun Mandara, inda manoma ke jera duwatsu hawa-hawa su tare ƙasa su shuka gero da dawa. A can kowane tsauni da shugabansa, don doki ba ya hawa wurin balle sarki guda ya haɗe su. Sai kuma fili mai baƙar laka, karal, inda ake dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa a girbe ta cikin rani. Girbi biyu a shekara, ga shanu ga dawaki, nan ne babbar sarauta ke iya tsayuwa. Zaɓi ɗaya ka ba mutanenka, ka ba maƙwabtansu ɗaya. Ciniki da gaba da auratayya duk daga wannan bambanci za su fito: mai kifi yana son ƙarfen mutanen dutse, mutanen dutse suna son gishiri da kanwa.

Ka yi lissafi kaɗan. Mutum guda yana cin kimanin kilo 200 na hatsi a shekara, wato buhu biyu. Birni mai mutum 20,000 zai ci buhu 40,000. Wa ke noma shi, a bayan jaki ko a jirgi yake shigowa, wa ke riƙe da rumbunan, me ke faruwa shekarar da fari ko fara ta zo? Amsoshin nan kaɗai sun isa su ba ka babi uku.

Kuskuren da muka fi gani shi ne kwaso Afirka gaba ɗaya a zuba a gari guda: dalar Masar a bakin kasuwa, garkuwar Zulu a hannun dogari, raƙumi a tsakiyar kurmi. Kowane ɗayansu ƙasa da yanayi ne suka haife shi, shi ya sa mai karatu ke jin abin bai haɗu ba ko da bai san dalili ba.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Marwa: Sarauniya ce ke mulkin ƙasata, kowa yana mata biyayya, amma labarin ya yi lami. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, mace a kan gado ba baƙon abu ba ne, tarihin baka na Daura ya nuna mata ne suka fara mulkin garin. Matsalar ita ce kin bar ta ita kaɗai. Dubi fadar Borno ta zamanin Saifawa. Ban da Mai, wato sarki, akwai Magira, uwar sarki, da Gumsu, uwargidansa, kowacce da gidanta da barorinta da ƙasashen da take karɓar haraji. Akwai Kaigama mai jan rundunar yaƙi, da Galadima da ke zaune can Nguru yana tsare yamma, nesa da idon sarki. Sarakuna sukan ba bayi manyan muƙamai da gangan, domin bawa ba ya neman gadon sarauta, ɗan'uwa kuwa yana nema.

Kafin ki ci gaba da rubutu, amsa tambaya uku. Su wa ke zaɓen mai mulki? Wa ke iya tuɓe shi? Ta hannun wa haraji ke bi kafin ya iso fada? Sannan ki tuna 'ya'yan sarki ba uwarsu ɗaya ba, kowane da dangin uwarsa a bayansa. Kada ki manta da maroƙa da makaɗan tambari. Maroƙin da ya tsallake sunan wani kaka a kirari ranar hawan salla, da gangan ya yi, kuma duk fada za ta ji.

Tambaya, daga wani ɗan'uwa a Njamena: A labarina mahaya 100,000 sun ratsa sahara sun ci birnin abokan gaba da tsakiyar damina. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, har guda uku. Na farko ruwa. Doki yana shan wajen lita 30 a rana, a zafi ya fi haka. Dawaki 1,000 kaɗai suna bukatar lita 30,000 kullum, ga shi da guga ake ja. Rage rundunar zuwa dubu biyu ko uku, ka ba ta raƙuma masu ɗaukar salka da guzuri. Raƙumi yana ɗaukar kimanin kilo 150, ya yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a yini. Na biyu lokaci. Yawancin mayaƙa manoma ne, da damina suna gona, hanya ta zama taɓo, lifidi kuwa auduga ne, in ya sha ruwa sai ya danne doki. Bayan kaka ake fita yaƙi. In ka tura su kudu cikin kurmi, ƙudan tsando zai kashe dawakin kafin a ga abokin gaba.

Na uku ganuwa. Doki ba ya fasa ganuwa, yunwa ke fasa ta. Mai Idris Alauma, a ƙarshen ƙarni na 16, yakan kafa sansani kusa da garuruwan Sau, wata tsohuwar al'umma ta yankin Tafkin Chadi, ya sare itatuwansu, ya lalata amfanin gonarsu har su miƙa wuya, kuma ya samo 'yan bindiga daga Turkawa. Irin wannan kewaye na wata da watanni ya fi sukuwa guda ba marubuci abin faɗa.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Ngaundere: Da wane kuɗi mutanena za su yi ciniki? Na sa tsabar zinariya.

Amsa: Alhaji, ba wanda zai sayi daddawa da zinariya. A Borno sawayen saƙa da ake kira gabaga su ne kuɗin kasuwa kafin wuri ya yaɗu can a ƙarni na 19. Wuri kuma nauyi gare shi: keso guda wuri 20,000 ne, kusan kayan ɗan dako ɗaya. Babban ciniki, na doki ko raƙumi, da riyal na azurfa ake yi, ko da kantun gishirin Bilma, ko da tufafi. Ka ba su kuɗi iri biyu, na cefane da na fatauci, da mai canji a tsakani.

Tambaya, daga wata marubuciya a Kusseri: Ina so in sa sihiri, amma da na sa sai jarumin ya fi ƙarfin kowa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki sa wa kowane asiri farashi da makari. Ɗan tauri yana da abin da aka hana shi, ranar da ya karya sharaɗi wuƙa za ta kama shi. Ki kuma fitar da asirin daga hannun sarki ki ba wasu. A wajen Kapsiki, wata ƙabila ta duwatsun Mandara, maƙera dangi ne daban, ba sa auratayya da sauran jama'a, su ke binne mamaci, su ke duba da ƙaguwa. Ana gudun cin abinci da su, amma ba a iya rayuwa ba su. Sarkin da ke bukatar maƙeri don makami, yana bukatar mai roƙon ruwa don damina, ba zai taɓa fin ƙarfin labari ba.

Roƙo guda muke miki da sauran marubuta: kada a ɗauki sunan wata ƙabila ta gaske a mai da ita mayu ko dodannin labari. Jikokin waɗanda aka kai wa harin bayi a duwatsun Mandara suna nan, a kasuwa ɗaya muke da su, kuma za su karanta. Ki ƙago wa kowace al'umma sunanta, ki ba ta gona da kasuwa da dalilin da ya sa take yaƙi.