Tambayoyinku kan Fasaha: HDR da Gyaran Hasken Hoto a Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na hau Dutsen Dala da la'asar don in ɗauki hoton gari, sai sama ta fito fari fat, gidaje kuma baƙi ƙirin. An ce in kunna HDR. Mene ne shi? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau. Idon ɗan'adam yana iya ganin hasken sama da inuwar lungu a lokaci guda, ita kuwa kyamara sai ta zaɓi ɗaya. Aikin HDR shi ne ya ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, wani mai duhu don ya kama gajimare, wani mai haske don ya fito da abin da ke inuwa, sannan ya haɗe su su zama hoto ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa. Apple ya sa HDR a iPhone 4 a 2010, Google kuma ya fito da HDR+ a wayar Nexus 5 a 2013. Yau galibin wayoyin Tecno, Infinix da Samsung da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suna da shi a cikin manhajar kyamara. Ka kunna, ka taɓa wajen da ya fi haske a fuskar wayar, ka ɗan ja alamar rana da za ta fito ƙasa don rage haske, sannan ka tsayar da hannunka cak. In da hali ka jingina gwiwar hannu da dutse. Amma in hunturu ne, ka sani HDR ba ya kawar da hazo. Wannan aikin Dehaze ne a manhajar gyaran hoto ta Lightroom.

Tambaya: Hotunan da na ɗauka a Hawan Daushe, dawakan sun fito da ƙafafu bibbiyu kamar inuwa. Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Dokin ya gusa ne tsakanin hoton farko da na biyu, wayar ta haɗa su a haka. Duk abin da ke gudu, kashe HDR ka ɗauka.

Tambaya: Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, ina tura hotuna ga kwastomomi ta WhatsApp. Yaya zan sa hoton da na riga na ɗauka ya yi irin kyan HDR ɗin nan? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Sauke manhajar gyaran hoto ta Snapseed, ta Google ce kuma kyauta ce. Akwai HDR Scape a cikinta, amma ni ba da shi nake so ki fara ba. Shiga Tune Image, ki rage Highlights (hasken wuraren da suka fi haske) har zanen da ke jikin farar shadda ya bayyana, sannan ki ƙara Shadows (hasken wuraren inuwa) kaɗan don ninkin yadin da ke inuwa ya fito. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In kuma za ki taɓa HDR Scape, ki sauke ƙarfinsa sosai daga inda manhajar ta ajiye shi.

Nan ne na fi damuwa, domin ina ganin yadda ake cika wa hoto gyara har ya tashi daga kamanninsa. Alamar an wuce gona da iri ita ce wani farin zobe da ke zagaye gefen abu, fata ta yi toka-toka, launi ya yi kururuwa. Ga mai hoton nishaɗi wannan muni ne kawai. Ke kuwa amana ce a wuyanki: in shuɗin da mai saye ya gani a waya ba shi ne ya isa hannunsa ba, kin rasa shi, wataƙila har da waɗanda zai kawo miki. Don haka in kin gama gyara, ki kara wayar kusa da yadin a hasken rana ki gwada launin da idonki.

Abu ɗaya kuma gyara ba ya iya shi. Hoton JPEG, wato irin wanda waya ta saba ajiyewa, matakin haske 256 yake da shi a kowane launi, kuma duk wajen da ya kai ƙarshen fari babu sauran bayani a cikinsa. Ko kin rage Highlights har ƙasa, toka-toka kawai zai koma. Shi ya sa na fi son hoto ya ɗan yi duhu a wajen ɗauka, domin inuwa ana iya ɗaga ta. In wayarki tana da RAW (hoton da waya ba ta sarrafa ba) a sashen Pro na kyamara, ki yi amfani da shi ga kaya masu tsada, ya fi ba da sararin gyara duk da yana cin wuri. Ki fito da yadin bakin shago inda akwai inuwa mai haske, da safe ko bayan la'asar, ki guji ƙwan lantarki mai ja. Wajen turawa kuma ki danna HD a WhatsApp, ko ki aika shi a matsayin fayil, don kada matsewar da manhajar ke yi wa hoto ta cinye zanen.