Sana'ar tana ƙasan rami

Jiya muna cin abinci a inuwar motar kaya ka ce min: "Maigida, wata uku ke nan ina zuba yashi da jan igiya, sa'o'ina kuwa har sun fara haɗa fayif. Yaushe zan fara koyon aikin?" To ɗana, ai aikin kake koya.

Haɗa fayif, mako biyu ya ishe ka. Shimfiɗar da zai kwanta a kai ce mai wuya. Ruwan sha da ƙarfi ake turo shi, ko tudu ne zai hau. Ƙazanta kuwa, wadda fayif ɗinta muke binnewa, babu mai tura ta sai gangare. Fayif mai inci 4 muna ba shi kamar santimita 2 a kowace mita. Ka bar dutse guda a ƙarƙashinsa, ko ka yi ƙyuyar daddaɓe yashi, wata rana ya fashe ko tsakiyarsa ta lotsa, ƙazanta ta kwanta a nan ya toshe. Lokacin an riga an malala kwalta a kai, masu gida na ta fama da wari, kai kana can wata unguwa.

Sannan ƙasar Jidda ba irin ta gida ba ce. Kusa da teku, kana haƙa kaɗan ruwa zai ɓuɓɓugo, ruwan gishiri mai cin ƙarfe. In injin janye ruwa ya mutu da dare, da safe sai ka tarar fayif ɗin roba ya taso kamar ƙwarya. Haka na taɓa asarar aikin kwana huɗu, har yau ina jin zafinsa.

Ina garin nan aka yi ambaliyar Nuwamba 2009, mutum sama da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A lokacin unguwanni da yawa da bayyara, wato ramin tara ƙazanta, suka dogara, wayit, wato motar tanki, na kwashewa yana juyewa a tafkin Miski, gabas da gari. Tun daga nan ba na wasa da abin da za a binne.

Ramin da ya kai ƙirjinka kuma, kada ka kuskura ka shiga sai an tokare bangonsa, ko ni na aike ka. Ƙasa mai mita guda tsawo, faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya nauyi.

Gobe ka fito bayan sallar asuba, tunda a watannin zafi daga ƙarfe 12 zuwa 3 an hana aiki a rana. Layin bayan masallaci, mita 30, kai za ka fitar da gangarensa. In ka gama zan zuba ruwa mu gani.