Hukuncin Fitowar Mace a Talabijin: Amsa ga Wata 'Yar Aboabo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, na karanci aikin jarida a Accra. Wata tashar talabijin ta ɗauke ni in riƙa karanta labarai da Hausa, in kuma gabatar da shirin mata ranar Asabar. Mahaifiyata ta amince. Amma Kawu, wanda shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ya ce muryar mace al'aura ce, kuma 'yar gidan mutunci ba ta zama gaban kyamara kowa na kallonta. Sannan a wurin aikin an ce wani lokaci za a sa ni a talla. Ba na son saɓa wa Allah, ba na son ɓata wa Kawu rai. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi miki albarka, 'yata, da kika tambaya kafin ki sa hannu a takarda.

Mu fara da murya, tunda a nan Kawunki ya tsaya. Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, akwai malaman da suka faɗe ta, suna kafa hujja da cewa idan liman ya yi mantuwa maza ke yin tasbihi, mata kuma su tafa. Amma wannan hukuncin cikin salla ne. Abin da ya fi rinjaye wajen malamai shi ne muryar mace a karan kanta ba al'aura ba ce. Dubi aya ta 32 a Suratul Ahzab. Allah Ya hana matan Annabi (SAW) karya murya, don kada mai cuta a zuciya ya yi kwaɗayi, sannan a cikin ayar nan ɗaya Ya ce su faɗi magana ta alheri. Da muryar ce haramun, da cewa za a yi su yi shiru. Rangwaɗa da yauƙin harshe aka hana.

Uwar muminai A'isha (RA) ta ruwaito hadisai 2,210, kuma da yawa maza ne suka ji daga bakinta. Abu Musa al-Ash'ari ya ce babu hadisin da ya shige wa sahabbai duhu suka tambaye ta face sun sami ilmi a wurinta. Khaula bint Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta, tana mayar wa Manzon Allah magana, Allah Ya ji ta, Ya buɗe Suratul Mujadala da zancenta. Mu kuma Hausawa muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara waƙoƙin wa'azi, jajis, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, suka haddace, suka bi ƙauyuka suna isar wa matan da ba sa iya zuwa. Rediyon zamaninta ke nan.

Fuska kuwa akwai saɓani na gaske. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin zangunanmu suka tashi a kanta, fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne, sai dai an so a rufe idan ana tsoron fitina. Wasu malamai sun wajabta rufewa a kowane hali. Wadda ta bi wannan ra'ayi ga rediyo nan, aikinta ba zai ragu ba. Wadda ta bi na farko ta fito da cikakken hijabi, ba ɗan gyalen da ke zamewa ana gyarawa ba, ba kuma kwalliyar gidan biki ba.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. Shekaru ina zama a shirin amsa tambayoyi na rediyo. Sau nawa mace za ta bugo waya, ta yi sallama, ta fara "Malam, dama jinin...", sai ta yi shiru, a ji ta kashe. Washegari sai ga ta ta shigo ta ƙofar baya wurin uwargidana, ta raɗa mata, ita kuma ta kawo mini. Wadda ta zo ke nan. Wadda ba ta zo ba fa? Ta ci gaba da salla ko barin salla cikin jahilci. Haka nan idan gobara ta ci kasuwa, a Kejetia ko Adum, yawanci shugabanni ake miƙa wa makirfo, mai tumatir da mai atamfa na zaune kan toka babu mai tambayarsu nawa suka yi asara, bashin wa ke kansu. Yarinyar nan 'yar kayayo, mai dakon kaya a kasuwa, da ke kwana a barandar shago, wa za ta buɗe wa ciki in ba mace 'yar'uwarta ba? Matan sahabbai sun ce wa Annabi (SAW) maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, kuma ya ware. Hadisin yana cikin Bukhari. Shirin Asabar ɗin nan naki, idan kin riƙe shi da amana, ina ganinsa a inuwar wannan rana. Saboda haka ban tsaya a kan halas kawai ba, ina sa ran akwai lada.

Talla ce wurin da zan ja miki kunne. Masu cewa kada mace ta yi magana da masu ɗora ta kan allon talla sun haɗu a abu guda: dukansu jikinta suke gani, ba hankalinta ba. Tallar shinkafa ko sabulun wanki, cikin suturarki, ba ƙarya a ciki, babu laifi. Amma giya, da cacar ƙwallo da ta cinye samarinmu, da duk abin da ake sayarwa da surar mace, haramun ne ki sa fuskarki ko muryarki, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Man bilicin ma haka. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mai ɗauke da sinadarin hydroquinone tun 2016, kuma ko babu doka, tallar da ke gaya wa baƙar yarinya cewa fatarta aibi ce cutarwa ce. Wasan kwaikwayo ki auna shi da wannan ma'auni: babu rungume-rungume, babu rawa da maza, babu mayar da mace abin dariya.

Ki nemi a rubuta waɗannan a yarjejeniyar aiki, har da batun hijabi. Kada ki ji nauyi. Sashe na 21 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, kuma saboda wannan haƙƙi ne mata suka yi tattaki a garin nan a 2019. Ki guji keɓewa da namiji a ɗakin ɗaukar shiri ko a mota, ki tsara yadda za ki dawo gida idan labaran dare ne, kada kuma salla ta wuce ki don ana kan iska.

Saura Kawu. Mutumin da ya riƙe marayu ba a yi masa gatsali. Tsoronsa ba na banza ba ne, ya san bakin mutanen zango, ya san abin da ake rubutawa ƙarƙashin hoton mace a Facebook. Kada ki je masa da "malam ya ce" kamar mai kai sammaci. Ki sa mahaifiyarki gaba, ku nemi limamin unguwarku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a karanta masa ayar nan ta Ahzab, a nuna masa sharuɗɗan da kika gindaya wa tashar. In ya yarda da rediyo ya ƙi talabijin, ki karɓa ki fara da nan, sauran ya biyo baya in ya ga kamun ludayinki. Idan kuma maganar aure ta taso, ki gaya wa mai neman aurenki irin aikinki tun kafin a kai goro.

Wallahu a'alam.