Amsa ga ɗan'uwan da sakamakon zaɓe ya hana barci

Salam ɗan'uwa. Ka ce tunda ɗan takararka ya faɗi abinci baya shiga, barci ya ƙi zuwa, kana tambaya ya za ka yi da zuciyarka. Wallahi na san ciwon nan, ni ma ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu 2023, tun safe nake layi a Anguwar Rogo da ke Jos rana na dukana har aka ƙirga ƙuri'a a gabana, sai ga shi da asubahin 1 ga Maris an sanar da wanda ba shi na zaɓa ba, kwana uku ko shago ban buɗe ba.

Abin da ya fara taimaka min ajiye waya ne, na fice daga guruf ɗin siyasa na WhatsApp don kowane bidiyo fama min miki yake. Kuma kar ka kulle kanka a ɗaki, fito jam'i, zauna majalisa a sha shayi, in an fara tsokana ka tashi abinka.

Don Allah kar fushi ya kai ka titi. Mu 'yan Jos mun ga rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamba 2008, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. In akwai ƙorafi kotu na nan, kujerar gwamnan Filato ma sai a Kotun Ƙoli aka gama maganarta a Janairun 2024.

In sati biyu ya wuce barcin bai dawo ba ka daure ka ga likita.