Hajiya, kada ki sayar da fam ɗin nan a rabin kuɗi

Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya jiƙan Alhaji da rahama. Kin ce kin tarar da fam ashirin-ashirin na takarda a jakar tafiyarsa, haɗe da 'yan daloli da naira, kuma ɗan canjin da aka kai wa a unguwar Tudu, nan Accra, ya ce fam ɗin sun mutu, sai dai ya taimaka ya karɓa a rabin kuɗi. Don Allah ki dakata. Na daɗe ina fatauci tsakanin Accra, Lome da Legas, kuma abin da na sani shi ne, ƙin karɓar ɗan canji daban, mutuwar kuɗi daban. Wanda ya buga kuɗin shi ke da ta cewa.

Ki duba bayan takardar. In launin shunayya ce, akwai hoton Adam Smith, to ita ce aka daina ciniki da ita a Ingila bayan 30 ga Satumba 2022, tare da fam hamsin na takarda, aka koma na roba. Shago ba zai karɓa ba, gaskiya ne. Amma babban bankin Ingila da ke titin Threadneedle a Landan yana canza tsofaffin takardunsa a cikakken kuɗinsu, kuma bai sa ranar rufewa ba. Wasu gidajen waya na can ma suna canza har fam 300 in an nuna katin shaida. Shi wanda ya yi miki tayin rabi ya san da haka, can zai aika su ya karɓi cikakke. A unguwannin Nima da Mamobi na nan Accra ba a rasa mai ɗa ko ƙani a Landan. Ki nemi amintacce mai tafiya, ku ƙirga a gaban shaida, a rubuta lambobin takardun a littafi, sannan ki danƙa masa. Ana iya aikawa ta gidan waya, amma ni ba zan sa kuɗin marayu a ambulan ba, don in ya ɓata a hanya babu mai biya. Na ce kuɗin marayu da gangan: wannan gado ne, rabin da za a yafe wa ɗan canji haƙƙin magada ne, ba na mutum ɗaya ba.

In kuma akwai na roba masu hoton Sarauniya, suna nan daram, fitowar na Sarki Charles a 2024 ba ta soke su ba.

Dala ba ta da wannan damuwar a ƙasarta. Amurka ba ta soke tsofaffin takardunta, ko mai ƙaramin kai ce tana ci. A nan ne kawai 'yan canji suke fifita ɗari mai shuɗin zare da ta fito a 2013, su rage wa tsohuwa farashi. Na sha ganin an ɗaga takarda sama ana haska ta, a shafa da yatsa, a ce akwai tabon biro ko ta yi laushi, a zabge wani abu. Ki zagaya wurare biyu ko uku, ko ki ba mai zuwa Amurka ya kashe ya ba ki sidi, kuɗinmu na Ghana.

Naira kuwa ki kwantar da hankali. Mun ga tashin hankali a farkon 2023, bayan da aka sake fasalin 200, 500 da 1000 aka ce wa'adi 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Fatake da yawa a nan sun zubar da tsofaffin a wulaƙance saboda tsoro, sai ga Kotun Ƙolin Najeriya a watan Maris ta ce a ci gaba da karɓa, daga baya ma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Sai dai darajarta ta zube sosai tun lokacin, don haka kada ki sake ajiye ta. Duk mai zuwa Legas zai karɓa.

Ba kowace ƙasa ce ke da sassaucin Ingila ba, kada wani ya karanta wannan ya saki jiki. Kenya ta soke tsohuwar shilin 1000 a ƙarshen Satumba 2019, wanda bai canza ba ya tashi a tutar babu. Faransa ta rufe canjin tsohon faran ɗinta a 2012, alhali Jamus har yau tana karɓar mak. Mu kanmu a 2007, da sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, wata shida aka ba mu ana kashe tsoho da sabo tare, bayan Disamba sai banki.

Ki ɗauki hoton gaba da bayan kowace iri ki turo, amma ki rufe lambobin da yatsa. In na gani zan gaya miki wadda ke buƙatar tafiya Landan da wadda za ta canzu a nan Cow Lane.